Gurbi Ɗaya, Amsa Biyu

Mu uku ne, dukkanmu rubuta manhaja ce sana'armu. A hutun babbar sallah muka ce bari mu yi wa garinmu wani abu: mu zuba sarakunan Kano da baƙin da suka zo a zamaninsu cikin rumbun bayanai, yadda kowa zai duba a wayarsa. Mun zaci aikin mako biyu ne. Sai muka zo kan Wangarawa.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce sun zo daga Mali, su kimanin 40, a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Muka rubuta, muka wuce. Daga baya muka ci karo da Asl al-Wangariyyin, rubutun ƙarni na 17 da Muhammad al-Hajj ya buga a 1968. Shi kuma ya kawo Zaite ɗin nan Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har ya haɗa shi da al-Maghili. Tsakanin amsoshin biyu akwai kusan shekara ɗari, mu kuwa gurbi ɗaya muka tanadar wa shekarar zuwa.

A jami'a an koya mana cewa idan bayanai biyu suka saɓa, ɗaya kuskure ne, a goge shi. Masana tarihi ba haka suke yi ba. Suna tambaya: wa ya rubuta, yaushe, don wa? Tarihin Kano an harhaɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, kuma labarin fada yake bayarwa. Ɗayan kuwa labarin malaman ne da zuriyarsu. Mai yiwuwa ma ayari ya bi ayari, sunan shugaba ɗaya ya rufe sauran.

Gurbin da ya fi ba mu wuya shi ne wanda muka sa wa suna "asali", mai zaɓi biyu: ɗan gari ko baƙo. Ina za mu sa Bagauda, wanda ya zo ya tarar da mutanen Dala? Ina za mu sa Fulanin da suka zo da littattafai a zamanin Yakubu? Mandawari da Zaitawa unguwanni ne a tsakiyar birni yau, amma sunayen baƙi suke ɗauke da su. Ɗaya daga cikinmu, wanda tun yana yaro ake tsokanarsa da cewa kakansa ɗan ci-rani ne, ya yi shiru ya daɗe yana kallon allon.

Mun goge gurbin asali. Na shekara kuma mun buɗe shi ya karɓi amsa fiye da ɗaya, kowace da sunan littafin da ya faɗe ta. Wata na biyar ke nan, har yanzu ba mu wuce Rumfa ba.