Sam Cooke da Muryar da Aka Kulle Shekara 22

 

Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa mutumin da jama'arsa ba su da rinjaye a ƙasa, da murya biyu yake rayuwa. Akwai wadda yake fita da ita kasuwa da ofis da asibiti, a tausashe, cikin harshen masu gari ko na gwamnati. Akwai kuma wadda yake komawa da ita gida, wadda da ita yake dariya, da ita yake kuka, da ita yake addu'a. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo muku labarin wani mawaƙi baƙar fata na Amurka, Sam Cooke, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin salon waƙar da ake kira soul. Hukuncin kiɗa da waƙa mun bar wa malamai, fagensu ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda wannan mutum ya riƙe muryoyinsa biyu, da abin da ya sami ta gidan a hannun wasu.

An haife shi a garin Clarksdale na jihar Mississippi ranar 22 ga Janairu 1931. Mahaifinsa limamin coci ne. Yana ɗan ƙarami iyalin suka yi ƙaura zuwa Chicago, kamar yadda ɗimbin baƙaƙen fata suka riƙa barin kudancin Amurka a zamanin, suna gudun talauci da wariyar launin fata. A coci ya koyi waƙa tare da 'yan'uwansa. A 1950, yana da shekara 19, ƙungiyar Soul Stirrers, wadda ta shahara da waƙoƙin coci, ta ɗauke shi ya gaji jagoranta R. H. Harris. Kamfanin Specialty ne yake buga fayafayensu. Shekara shida ya yi yana zagaya majami'u da zaurukan baƙaƙen fata, har ta kai matasan da ba su damu da wa'azi ba suna cika wuri don su ji shi.

Da ya yi niyyar gwada waƙar duniya, tsoron mutanensa ya sa aka fitar da faifan farko da sunan aro, wai Dale Cook. Amma rana ba ta ɓuya da tafin hannu: duk wanda ya ji ya gane mai muryar. Wasu daga cikin mutanen coci suka ɗauke shi wanda ya sayar da lahira ya sayi duniya. A 1957 kamfanin Keen ya fitar da "You Send Me", waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, fari da baƙi suna saye. A 1960 ya koma babban kamfanin RCA, inda ya jera waƙoƙi irin su "Chain Gang" da "Cupid" da "Bring It On Home to Me". Muryar da ke cikin yawancin waɗannan fayafaye mai laushi ce, an yi mata kwalliya, an shirya ta yadda za ta shiga kowane falo ba tare da ta firgita maigida ba.

To, a nan ne labarin ya kai inda muke so. Ranar 12 ga Janairu 1963, RCA ya aika ma'aikata da na'ura su ɗauki wasan da ya yi a Harlem Square Club, wani gidan rawa a unguwar baƙaƙen fata ta birnin Miami. A daren nan gaban mutanensa yake, sai ya saki muryar gida. Ta fito da kaushi da gumi, yana kira jama'a suna amsawa, kamar yadda ya saba tun yana yaro a coci. Da manyan kamfanin suka saurara, sai suka ga wannan ba shi ne Sam Cooke ɗin da suke sayar wa jama'a ba. Suka ajiye ɗaukar a rumbunsu. A Yuli 1964 aka sake ɗaukar wani wasansa, wannan karon a Copacabana, gidan shaƙatawar masu hali a New York, inda mafi yawan 'yan kallo fararen fata ne. Wannan kam ba a bar shi ya kwana ba, a shekarar aka fitar da shi. Na Miami kuwa sai a 1985 ya ga hasken rana, bayan shekara 22, mai muryar ya daɗe a kabari. Yau masana waƙa suna lissafa shi cikin mafi ingancin wasannin da aka taɓa ɗauka kai tsaye.

Kada mai karatu ya zaci muna zargin Cooke da fuska biyu. Muryar Copacabana ma tasa ce, kuma da wahala ya same ta, domin zuwansa na farko gidan a 1958 bai yi armashi ba. Wanda yake zaune cikin mutanen da suka fi shi yawa dole ya iya magana da su, kuma iyawar baiwa ce. Ɗanmu da ya ƙware a Turanci ko Faransanci ko harshen masu gari bai yi laifi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne: wane ne yake da ikon cewa wannan murya za ta fita, waccan za ta zauna a rumbu? A 1963 amsar tana rubuce a takardar yarjejeniya, kuma mai rumbun ne takardar ta ba iko.

Shi kansa Cooke ya gane haka tun da wuri. Ya ga yadda ake yi wa mawaƙa baƙaƙen fata irin abin nan da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka shi da amininsa J. W. Alexander suka kafa Kags, kamfanin da zai riƙe haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta, sannan suka kafa kamfanin fayafaye mai suna SAR. A ƙarƙashinsa ya ɗauki tsofaffin abokansa na Soul Stirrers, ya ɗauki Johnnie Taylor, ya ɗauki samarin gidan Womack da aka sa wa suna Valentinos. A zamanin da ake hana baƙar fata ɗakin kwana a otal, samun mawaƙi baƙi mai kamfanin kansa ba ƙaramin abu ba ne.

Hana ɗakin ma ya same shi da kansa. A Oktoba 1963, a garin Shreveport na jihar Louisiana, wani otal ya ƙi karɓarsa duk da sunan da ya yi. Da ya ɗaga murya, 'yan sanda suka kama shi. Watanni kaɗan kafin nan ƙaramin ɗansa ya rasu a ruwa. Cikin wannan hali ya rubuta "A Change Is Gonna Come", ya ɗauke ta a Janairu 1964, waƙar da ta zama taken masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. A watan da ya biyo baya yana Miami daren da Cassius Clay ya doke Sonny Liston, tare da Malcolm X. Clay ɗin nan shi ne ya zama Muhammad Ali, wanda ya ziyarci Accra da Kumasi a wannan shekarar. Amma ko wannan waƙar ba ta tsira daga almakashi ba. Da za a fitar da ita a ƙaramin faifai don gidajen rediyo, sai aka cire baitin da ya fi fitowa fili da maganar wariya.

Bai ga fitowar wannan faifan ba. Ranar 11 ga Disamba 1964 matar da ke kula da wani ƙaramin otal a Los Angeles ta harbe shi, yana da shekara 33. Hukuma ta ce kare kanta ta yi, danginsa kuwa ba su taɓa gamsuwa da wannan bayani ba. Allah ne masanin gaibu. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar maganarmu. A 1963 Cooke ya ɗauki wani akanta mai suna Allen Klein don ya ƙwato masa haƙƙinsa daga RCA. Klein ya yi aikin, aka kafa sabon kamfani mai suna Tracey, sunan 'yar Cooke, don ya riƙe sababbin waƙoƙinsa. Sai dai a takarda Klein ne mai kamfanin. Bayan rasuwar SAR ya rufe, kuma haƙƙin mafi yawan abin da mutumin nan ya yi wa gumi ya ƙare a hannun kamfanin Klein. Sunan 'yarsa na kan allo, mallaka tana wani wuri.

Mu da aikinmu ya haɗa da rubuta wasiƙu da ajiye takardun jama'a, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mun san Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, babban malami kuma mawaƙi, wanda ya rasu a 1934. Wani kaso mai muhimmanci na abin da ya rubuta da Hausa ya tsira ne saboda wani Bajamushe, Adam Mischlich, ya tattara ya tafi da shi. Mun gode da ya tsira, amma jikan zango da ke son karantawa sai ya bi ta hannun baƙo. A yau ma akwai kaset-kaset na tafsirin malamanmu, da waƙoƙin bege, da na zabiyoyin biki, da hirarrakin dattawa, suna cikin akwatuna zafi da laima suna cin su. Waɗanda aka ɗora a intanet kuwa, sau da yawa ba sunan mai murya, ba shekara, ba izinin magada.

Shawararmu ga matasa masu wayoyi da kwamfuta ita ce su shiga gidaje da ladabi su nemi waɗannan kaset-kaset, su juye su tun ba su lalace ba. Kowace ɗauka a rubuta sunan mai ita da garinsa da lokacin da aka yi ta. A rubuta wanda ya mallake ta, shaidu su sa hannu, a bar kwafi ɗaya wurin iyali, ɗaya wurin shugabannin al'umma. Mawaƙanmu na yanzu kuma, kada ɗokin fita kasuwa ya sa su sa hannu a takardar da ba su kai wa wanda ya iya karatunta ba. Mu tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Al'ummar da aka koya wa wannan bai kamata a ci ta da takarda ba.

Cooke yana da basira, yana da kuɗi, yana da suna, duk da haka muryarsa ta gida ta yi shekara 22 a kulle. Ta fito ne kawai don an ɗauke ta da kyau, an kuma adana ta. Tamu idan ta ruɓe a akwati, babu rumbun da za a je a buɗe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Wassalam.