Takalmin Da Ya Fi Ƙafa Girma

Yawancinmu da muka yi girma a ƙauye ba mu san takalmin wasa ba. Da ƙafa muka buga ƙwallo, ƙafar kuwa ta san ƙasa, ƙasa ta san ta. Ba mu kaɗai ba ne. A 1949 'yan ƙwallon Nijeriya da suka je wasa Ingila yawancinsu ba takalmi suka shiga fili. Abebe Bikila na Habasha ma ya ci gudun kilomita 42 a Roma a 1960 ƙafa tsirara, gama takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba.

'Ya'yanmu kuwa makaranta ta ce sai da kambas, manyansu kuma suna son takalmin ƙwallo mai haƙora. Mun san yadda ake yi a kasuwa. Uba ya ɗauki takalmi ya duba kuɗin, ya dubi yaron, ya ce, "A ba shi babba, ai zai girma a ciki." A gida a cusa tsumma ko takarda a bakin takalmin. Ba mu ga laifin uban ba, domin kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsa ba. Amma takalmin zuwa coci daban, na wasa daban.

Ga dalili. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26, jijiyoyi ne ke ɗaure da su. Sa'ad da yaro yana gudu ya so ya juya farat ɗaya, sai ya kafa ƙafa ya tura ƙasa. Haƙoran takalmin sun kama ƙasa sun tsaya cik. In akwai fili a ciki, ƙafar ba ta tsaya ba tukuna, tana zamewa har ta bugi gefe. A wannan ɗan lokaci abokin karawarsa ya riga ya wuce da ƙwallo, a ce yaron ba shi da zafin nama, alhali takalmi ne ya cuce shi. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce lokacin da nauyin jiki duka ya faɗa a gefen ƙafa na waje, idon sawu ya lanƙwashe ciki, jijiyoyin waje su miƙe fiye da kima ko su yage. Shi ne targaɗe, yana cikin raunukan da suka fi yawa a wasanni. Abin baƙin ciki, idon sawun da ya taɓa targaɗe yana saurin maimaitawa, musamman in an koma fili bai warke sarai ba.

Ko manyan 'yan wasa ba su tsira ba. A 2019 a Amurka, Zion Williamson, ɗan ƙwallon kwando, ya kafa ƙafa zai juya, takalminsa ya yage, ƙafar ta fito waje, ya gurɗe a gwiwa.

Ƙafa takan ba da shaida tun kafin a kai ga haka. Bororo a diddige yana nuna dunduniya tana hawa da sauka. Farcen babban yatsa da ya yi baƙi yakan nuna yatsan yana dukan bakin takalmi duk lokacin da aka tsaya.

Mu a gidanmu da yamma muke gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasan da ita. Yaro ya miƙe tsaye, mu danna bakin takalmin. Faɗin babban yatsan hannu ya isa tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin, ba fiye da haka ba. Mu sa shi ya ɗaga dunduniya, mu ga ko takalmin ya bi ta. Na gwanjo ba laifi, amma a ajiye shi a kan tebur a duba ta baya. In ya karkata gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko ya koya, sai a bar shi.

Saura igiya. Yaran yanzu suna son su zura ƙafa su fita ba kwancewa ba ɗaurewa. Ramin nan na can sama da suke tsallakewa, aikinsa ke nan ya riƙe dunduniya. Mukan tsaya a bakin ƙofa mu ga an zura igiya a cikinsa an ɗaure kafin a fita.