Littafin Motar Baba

Mahaifina yana da mota ƙirar Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970. Ta hannu ya saye ta lokacin yana koyarwa a makarantar sakandare, ya kuma riƙe ta sama da shekara 20. A tsawon wannan zamani bai fi sau uku na ga ta kwana a garejin bakanike ba, domin kusan duk abin da ya same ta shi yake gyarawa da hannunsa.

Kowace safiya, idan ya dawo daga masallaci ya karya kumallo, sai ya buɗe bonet. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya leƙa ruwan lagireto, ya duba man birki, ya danna fanbel da yatsa, sannan ya zagaya tayoyi huɗu yana bubbuga su. Wannan yakan ɗauke shi kamar minti 10. Ranar Asabar kuwa ta motar ce tun daga hantsi har azahar. Yakan shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya jera sifanu, ya kwance fulogi ya kankare, ya wanke kafireto, ya ƙara ruwan batir, in lokacin juye ya yi, ya juye baƙin mai. Ni ne mai miƙa sifana. Inna kuwa, idan aka tambaye ta ina maigidan, cewa take yi, "Yana wajen amaryarsa."

Akwai wani littafi mai jan bango da yake ajiyewa a aljihun gaban motar. A ciki yake rubuta kwanan wata, da adadin kilomita, da abin da ya gyara, da kuɗin da ya kashe. Na taɓa zama na yi lissafin lokacin. Sa'a 4 a kowace Asabar ta kama sa'a 208 a shekara. Minti 10 na kowace safiya ya kama kusan sa'a 61. Idan aka haɗa, Baba yana ba motarsa kusan sa'a 270 a shekara, fiye da kwana 11 cur, dare da rana.

Ban taɓa ganin wannan a matsayin ɓata lokaci ba, har yau. Ya tsimin kuɗi masu yawa, motar ba ta taɓa yasar da mu a hanya ba, kuma a gindin darbejiyar nan na koyi haƙuri da natsuwa wajen aiki. Yana yawan ce mini, "Mota ba ta mutuwa rana ɗaya. Takan daɗe tana faɗa maka, kai ne ba ka saurara ba." Kunnensa kuwa ya ƙware, har yakan gane fulogin da ya daina aiki daga ƙarar injin kawai.

Da wannan kunnen ya dogara a kan jikinsa, kuma a nan aka sami matsala. Sa'ad da zai tafi aikin Hajji, an auna shi a wurin gwajin lafiyar maniyyata aka ce jininsa ya hau, aka rubuta masa magani. Ya sha na wata guda, ya ji garau, ya ajiye. Duk lokacin da Inna ta tuna masa, sai ya ce, "Ai da akwai abin da ke damuna da na ji." Shekara 6 bai sake miƙa hannunsa an auna ba.

Wata Asabar, yana da shekara 63, yana sunkuye a kan injin, sai sifana ta suɓuce daga hannunsa na dama. Na ɗauko na miƙa masa, ta sake faɗuwa. Da ya ɗago zai yi magana, na ga bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Muka kama shi muka shigar da shi ɗaki. Muka ce rana ce ta buge shi, ga gajiya. Aka shafa masa man zafi, aka yi masa addu'a, muka zauna muna jiran ya warware. Sai washegari da safe, da muka ga ƙafar ma ba ta ɗaukarsa, muka kai shi asibiti. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, motar tana ƙofar gida, lafiyarta ƙalau, da mai a tankinta, asibitin kuma bai kai tafiyar rabin sa'a ba.

Likitan da ya duba shi ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Awon jininsa a ranar ya haura 190/110. Ya tambaye mu yaushe abin ya fara, muka ce jiya da hantsi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya bayyana mana cewa akwai allurar da ke narkar da irin wannan gudan jini, a asibitocin da ke da ita, amma galibi sai an yi ta cikin sa'a 4 da rabi daga farawar alamu, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Mu kuwa mun ci kusan kwana guda a gida.

A zaman jinyar nan na fahimci inda hikimar Baba ta gaza. Hawan jini ba ya ƙara kamar injin. Yawancin masu shi ba sa jin komai, alhali yana ta lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan biliyan 1.28, masu shekara 30 zuwa 79, suna da hawan jini, kuma kusan kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Ba a gane shi sai da awo. Baba da kansa ya san cewa ba a sauraron baƙin mai da kunne, sanda ake zarowa a duba, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa jini ma haka yake ba.

Awon kuwa ba shi da wahala. Mutum ya zauna a kujera ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa, ya huta minti 5, ya ɗora hannunsa a tebur daidai da tsayin zuciya. Kada ya sha shayi mai ƙarfi ko kofi ko taba, kada ya ci goro, minti 30 kafin awon. Idan aka sami 140/90 ko sama da haka a ranaku biyu mabambanta, to hawan jini ne, sai a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin sauƙin aikin maganin ne, da ya ajiye jinin zai sake hawa. A rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, a tuna kuma cewa dunƙulen ɗanɗano da kanwa ma suna ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. A riƙa motsa jiki, ko da tafiya ce da sauri, minti 150 a mako. Wanda ya ba awon jini minti 10 sau ɗaya a wata, sa'a 2 kacal ya kashe a shekara.

Alamun shanyewar ɓarin jiki kuma ya kamata kowa a gida ya san su, har da yara: karkacewar baki ko fuska, mutuwar hannu ko ƙafa a gefe guda, da nauyin harshe ko rikicewar magana, duk farat ɗaya. In an ga ko da guda, a duba agogo a riƙe lokacin, a tafi asibiti nan take, a yi addu'ar a hanya. Kada a ba mara lafiya ruwa ko abinci ko magani ta baki, domin yana iya shaƙewa, kuma sai hoto ya nuna ko toshewa ce ko fashewar jijiya, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Allah ya yi Baba yana da sauran kwana. Bayan watanni na gashi da motsa gaɓoɓi, ya koma tafiya da sanda, maganarsa ta dawo, sai dai hannun dama bai ƙara riƙe sifana ba. Muka saya masa na'urar awon jini ta gida. Ranar da na kawo ta, na ce zan nemo littafin da za mu riƙa rubuta awon. Ya girgiza kai ya ce, "Je ka ɗauko na cikin mota." Ya sa na juya littafin ta baya, na ja layuka kamar yadda ya saba: kwanan wata, awon sama, awon ƙasa, da maganin da ya sha. Tun daga ranar bai tsallake ko sau ɗaya ba, har likitansa yakan nuna wa sauran marasa lafiya littafin, da izininsa.

Yanzu ni ke buɗe bonet ranar Asabar, shi yana zaune a kujera a gindin darbejiya yana gyara mini kuskure. Amma kafin a fito da sifanu, sai mun zauna a zaure mu uku, shi da Inna da ni, kowa ya miƙa hannu an auna an rubuta. A irin wannan zama ne aka gano cewa nawa jinin ma ya fara hawa, ina da shekara 41, ba na jin ciwon komai. Na ga likita a makon, kuma ina shan maganina.