Tsakanin ɗori da tausa

Duk sana'ar da ta zo mana daga waje, kafin ta sami wurin zama a gari sai ta sami suna a bakin mutanen garin. Hausawa kuwa sun ce suna linzami ne: inda aka ja shi, nan hankalin mai sauraro zai nufa. Shi ya sa na daɗe ina juya wata kalma a raina, wadda Faransawa ke kira kiropraksi, musamman reshenta da ya shafi dabbobi. Sana'a ce ta masu ɗora hannu a gadon bayan doki ko kare, su danna wata gaɓa da sauri, da nufin sassauta ta. A Amurka da Turai ta yi kasuwa a bargar dawakin sukuwa da gidajen masu kiwon karnuka. Mu da aikinmu shi ne kai da kawo tsakanin harsuna biyu, ko ba jima ko ba daɗe za a tambaye mu fassararta, kuma abin da muka faɗa a aji shi yara za su kai gida.

Asalin abin ba na dabbobi ba ne. A shekarar 1895, a garin Davenport na jihar Ayowa ta Amurka, wani mutum mai suna Daniel David Palmer, wanda bai yi karatun likita ba, ya danna ƙashin bayan wani mai gyaran gida da ya daɗe ba ya ji sosai, ya kuma yi shelar cewa jinsa ya dawo. Daga nan ya gina aƙidarsa, cewa kusan dukan cututtuka daga ƴar gocewar ƙasusuwan baya suke fitowa, domin a ganinsa tana tare hanyar jijiyoyi. Aka haɗa wa sana'ar suna daga kalmomin Girkanci biyu, hannu da aiki. Ya buɗe makaranta a 1897, a 1906 kuma aka ɗaure shi saboda yin aikin likita ba tare da izini ba. Ilimin likitanci bai tabbatar da waccan aƙida tasa ba har yau, amma sana'ar ta rayu, ta yaɗu, da yawa daga masu yin ta suka taƙaita da'awarsu a kan ciwon baya da na wuya.

Reshen dabbobi ya sami tsari ne a ƙarshen shekarun 1980, ta hannun Sharon Willoughby, wata likitar dabbobi da ta ƙara da karatun kiropraksi. Ita ta jagoranci kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka a 1989. Sharaɗin ƙungiyar abin lura ne: ba ta ba mutum shaida sai in dama can likitan dabbobi ne ko ƙwararren ɗan kiropraksi, sannan ya ƙara horo na sama da awa 200. A Faransa ma, dokar 4 ga Maris 2002 ta amince da sunan sana'ar ga masu duba mutane. Ƴar'uwarta kuma, osteyopati, tun 2017 wanda ba likitan dabbobi ba ba ya yi wa bisashe ita sai ya ci jarrabawa, sunansa ya shiga rajistar majalisar likitocin dabbobi. Ke nan ko a ƙasashen da abin ya bunƙasa, ba a sake shi ba linzami.

To, mene ne hannun yake yi? Doki yana da ƙashi 7 a wuya, 18 a inda haƙarƙari ke kamawa, 6 a tsatso. Jaki galibi 5 gare shi a tsatso. Kowane ƙashi yana haɗe da na kusa da shi da gaɓoɓi da jijiyoyi, laka kuma ta ratsa ta tsakiya. Mai sana'ar yakan hau wani abu mai tudu don ya tsere wa bayan dokin, ya bi ƙasusuwan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wurin da ya ƙage ko wurin da dokin ke zabura in an taɓa. In ya samu, sai ya yi masa gajeren danni mai sauri. Mai hankali zai tambaya: dabba mai nauyin kilo 500, wadda tsoka mai kauri ta lulluɓe ƙasusuwanta, tafin hannun ɗan Adam ne zai mayar mata da ƙashi mazauninsa? Masu gaskiya daga cikinsu ba su cewa haka. Abin da suke cewa, dannin yana motsa gaɓar da jijiyoyin da ke kewaye da ita, tsokar da ta ɗaure ta saki, zafi ya ragu.

A nan ne fassara ke da haɗari. Kalmar da ke fara zuwa bakin Bahaushe ita ce ɗori, domin maɗori ne muka sani da aikin ƙashi. Na tashi a ƙauyen da maɗori ke duba mutum ya duba bisa. Na sha ganin an kawo masa akuya da karyayyar ƙafa, ya ja, ya daidaita, ya jera karare, ya naɗe da tsumma, bayan ƴan makonni ka gan ta tana tsalle a kan danga. Na kuma ga ranar da aka kira shi wurin doki mai irin wannan karaya, ya shafa ƙafar, ya girgiza kai, ya ce wa mai dokin: "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ya fi hannuna." Ya san akuya ba ta da nauyi, tana iya tafiya da ƙafa uku, doki kuwa ba ya iyawa. Sanin iyakarsa shi ya sa ake ganin girmansa.

Amma aikin maɗori karaya ne da targaɗe da gocewa, waɗannan kuwa su ne ainihin wuraren da aka hana ɗan kiropraksi taɓawa, tare da ƙari da ƙashin da ƙwayar cuta ta kama. Danni a kan tsagaggen ƙashin baya yana iya taɓa laka, dabbar ta kwanta ba ta sake tashi ba. In muka ce wa mutane ɗori ne na Turawa, mun tura mai karyayyar dabba inda bai kamata ya je ba. In muka ce tausa, nan ma mun kauce, don tausa nama take bi a hankali, wannan kuwa gaɓa yake nufa da bugu ɗaya. Ni dai abin da nake faɗa wa ɗalibaina shi ne "sassauta gaɓoɓin baya". Sunan ya yi tsawo, bai da daɗin faɗa, amma bai yi alkawarin abin da ba zai cika ba.

Ko yana amfani? An yi gwaje-gwaje a kan dawaki, cikinsu har da na Kevin Haussler a jami'ar jihar Kolorado, suka nuna baya yana ƙara laushi, doki yana ƙara jure matsi bayan an yi masa. Sai dai dawakin da aka gwada ba su da yawa, kuma an fi auna sauyin na ɗan gajeren lokaci. Akwai kuma tarkon da ya kamata mu sani. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 a kan karnuka masu ɗingishi, waɗanda aka ba maganin da babu komai cikinsa, kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambayi masu karnukan sun ce an sami sauƙi, alhali na'urar da ke auna nauyin takun ƙafa ba ta ga wani sauyin kirki ba. Dabba ba ta san an yi mata magani ba, amma mai ita ya sani, ya kuma biya kuɗi. Jiki magayi, in ji Hausawa. To, a nan jikin na wani ne, bakin da ke ba da labari na wani.

Saboda haka kalmar da ta fi muhimmanci ba kiropraksi ba ce, ita ce wadda ake maƙala mata, wato cewa magani ne na ƙari. Mahaɗi ne, ba shi ne tuwon ba. Sai likitan dabbobi ya duba, ya gano ciwon, sannan a ga ko hannu zai taimaka. Sau da yawa ciwon bayan doki daga ƙafa yake tasowa: kofato ya yi ciwo, dokin ya karkata don ya kare shi, baya ya ɗauki wahalar. Dabbar da tetanos ya kama ma bayanta yakan sandare, wadda sammore ya ci ta rame tana tangaɗi. Annobar murar dawaki da jakuna da ta ratsa Afirka ta Yamma a 2018 da 2019, ta kashe dubban jakuna a Nijar, babu dannin da zai tare ta. Kwana ukun da aka ɓata ana danna bayan irin wannan dabba, su ne kwanakin da allura za ta iya ceton ta.

Duk da haka akwai abin da na ɗauka daga wannan sana'a, kuma ina ganin ya shafe mu kai tsaye. Ta tsaya a kan cewa bayan dabba yana ciwo, kuma ana iya gane haka da ido da hannu. Wanda ya tsaya a bakin kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya dubi jakunan amalanke, ba ya bukatar na'ura. Zai ga miki a kafaɗa inda itace ke gugar fata, zai ga kayan da aka tara gaba har nauyin ya koma kan gadon bayan jakin, zai ga wanda ke lanƙwashewa tun kafin a ɗora masa akumari. Shamakin sarki ma ya san sirdin da bai zauna daidai ba yana ɓata doki fiye da doguwar tafiya. A kawo gwanin gwanaye ya danna bayan jakin nan yau, gobe a mayar masa da kayan jiya, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ga iyalin da ruwansu da itacensu da kuɗin cefanensu ke bisa bayan jaki guda, wannan ba maganar nishaɗi ba ce. Maganin da ke hannunmu bai da tsada: a rage kaya, a daidaita su a kan ƙafafun amalanke, a sa matashi mai laushi mai tsabta, a yanke kofato, a bar mai miki ya huta har ya warke, a kai wanda ya ƙi ci wurin ma'aikacin kiwo tun da wuri. Addininmu ma ya hana a ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta. Malami zai iya koya wa yaro wannan cikin Hausa tsantsa, ba tare da aron kalma ko ɗaya ba. Allah ya ba mu tausayin waɗanda ba su da bakin kai ƙara.