Kurɓi ɗaya a gidan Iya

Masu karatu, abin da zan ba ku labari a wannan mako na yi kusan shekara ina ɓoye shi, har ga mai ɗakina.

A kakar 2023, lokacin da iyakarmu da Najeriya take rufe, aikin jarida ya kai ni ƙasar Dungas domin in ji abin da tiyar dawa ta kai. Na kwana a wani ƙauye inda ƙanwar kakata take zaune. Iya muke ce mata. Ita kaɗai ta rage a danginmu bisa al'adar Anna, kuma ita kaɗai ke dafa burkutu a wannan karkara.

Na taɓa jin wani abokin aiki Bafaranshe a Yamai yana yabon wata giya ta ƙasar Turai, wadda ake ajiyewa shekara guda cikin gangar katako har ƙarfinta ya wuce kashi 10 cikin 100, ta ɗauki ƙanshin itacen. Ya ce sirrin yana ga gangar. Ashe na Iya ma yana ga randa. Randarta ta girmi mahaifiyata, cikinta ya yi baƙi ƙirin, ba a taɓa sa mata sabulu ba. Iya takan jiƙa jar dawa, ta baza ta, ta lulluɓe har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa. Sai ta dafa, ta bari ta kwana ta yi tsami, ta sake dafawa, sannan ta juye a randa, ta ƙara guntun tsohuwar giya. Kwana biyu abin yana tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa. A lise malamin kimiyya ya zana mana wannan a allo, amma ban taɓa jin sa yana huci a kunnena ba sai daren nan.

Da hantsi ta ɗebo a ƙoƙo, ta miƙo mini.

"Iya, kin san ba na sha."

"Na sani, ɗan nan. Ba shaye-shaye na kira ka ba. Wannan ce dahuwata ta ƙarshe, surukaina sun ƙi koyo. Ina son a samu mutum ɗaya a jinina da zai ce ya san ɗanɗanonta."

Na san hukuncinta sarai, ba kuwa fatawa na zo nema a wannan fili ba. Na kuma san cewa tsallaken iyaka kaɗan, a Jigawa da Kano, tun shekarar 2000 shari'a ta hana ta. Amma hannun tsohuwa yana rawa, ƙoƙo yana tangal-tangal. Na karɓa.

Kauri gare ta kamar kunu. Tsami ne ya fara dukan harshena, ɗaci ya biyo baya, sai ƙaurin hayaƙi da wani ƙanshi irin na ƙasa bayan ruwan fari. Daga nan zafi ya gangara ƙirjina, kunnuwana suka yi ɗumi. Na yi tari har da hawaye, Iya tana ta dariya, tana cewa ƴan boko ba su da ciki.

Na kurkure baki sau uku, na yi istigfari a kan babur har Magarya. Iya ta rasu da damina ta gaba. Randar tana nan a bayan ɗakinta. Da na koma gaisuwa na tarar ana jiƙa wa awaki dusa a ciki.