Zaɓen Amfilifayar Mota: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

A zamanin nan, da zarar saurayi ya mallaki mota, kafin ya duba taya ko birki sai ya nufi wurin masu haɗa kayan sauti. Ni ma ina son sauti a mota, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai yadda na zaɓi amfilifaya, watau na'urar nan da ke ƙara wa lasifika ƙarfi.

Abin da nake saurare a hanya bai wuce su Shata da Narambaɗa da Ɗanmaraya Jos ba. Waƙoƙin nan kuwa dukiyarsu tana cikin magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu ma hawa da saukar murya yake bi har ya yi zance. To, in gurnanin wufa ya danne muryar mawaƙi da 'yan amshi, ya haɗiye kuntigi, me ya rage wa ɗalibin waƙa ya ji? Saboda haka abin da na fita nema shi ne na'urar da za ta fito mini da kowace kalma rangadadau.

Na fara da duba lasifikokin motar. Guda 4 ne, kowace om 4, kuma tana ɗaukar wat 50 na ƙarfin da za ta jure a kai a kai, wanda ake rubutawa RMS. Rediyon mota kuwa, ko an rubuta masa 50 sau 4, abin da yake bayarwa na gaskiya bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba. Ashe ke nan amfilifaya mai hanya 4, mai ba da wat 50 a kowace hanya, ita ce daidai ruwa daidai tsaki.

Da na je kasuwa, mai shago ya ɗauko wata mai ƙyalli ya ce, "Malam, wannan wat 2,000 ce." Na juya ta, na ga fis ɗinta na amfiya 20 ne. In inji na aiki, wutar mota wajen bolt 14 ce. 14 sau 20 kuwa 280 ne, kuma wani kaso daga ciki zafi yake komawa. Ina sauran suka fito? Lambar kwali ta talla ce, fis shi ne shaidar da ba ta cin hanci.

Wani abin lura, ninka wat sau 2 ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne. Sai an ninka shi kamar sau 10 kafin mutum ya ji ƙarar ta ninku. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka matsa mata fiye da ƙarfinta tana fitar da gurɓataccen sauti mai ƙona ƙananan lasifikoki. Wani abokina ya yi asarar biyu ta haka, domin yaron da ya ɗaura masa ya murɗe maɓallin daidaita shigar sauti har ƙarshe, yana zaton na ƙara murya ne.

Tawa da aka ɗaura, na sa an saka waya mai kauri, da fis kusa da batir saboda gudun gobara, aka kuma saita matatar sauti ta tare duk gurnanin da ke ƙasa da haz 80, kada ya wahalar da lasifikokin ƙofa.

Jama'a, lasifika in ta ƙone akwai ta a kasuwa, amma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Direban da ya rufe gilashi ya ƙure sauti ba zai ji hon ba, balle jiniya. Ga kuma haƙƙin maƙwabta da marasa lafiya da masu karatun jarrabawa. Duk mai shirin saye, ya tafi da waƙar da ya haddace, a sa masa ita. In ya ji kowane baiti da amshinsa, ya biya. In kuwa ƙirjinsa kawai ke girgiza, ya riƙe kuɗinsa. Allah ya sa mu gane.