Keken hawan duwatsu: Shin tsadarsa ta yi daidai da amfaninsa?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, keke ya sake samun daraja a garuruwanmu. Mutanen da suka jingine shi tun suna samari sun koma nemansa, kuma wanda ya fi ɗaukar idon masu saye shi ne mai kaurin taya da tarin giya da sifirin a gaba, wato keken hawan duwatsu. A jami'ar da nake koyarwa, ɗalibai da ƙananan ma'aikata sukan tare ni da tambaya, saboda sun san na daɗe ina hawan keke: shin kuɗin da ake zubawa a kan wannan keke ya cancanta? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin da ake magana a kai, ga mafi yawansu, albashin wata ne ko fiye, ko kuma kuɗin rajistar shekara guda.

Amsata a taƙaice ita ce, babu farashi ɗaya da za a yanke wa hukunci. Kasuwar wannan keke hawa uku ce. Akwai na ƙoli, wanda tsadarsa ta wuce hankali amma mai sayensa ya san abin da yake saye. Akwai na tsakiya, inda kuɗi da amfani suka fi kusantar juna. Sai kuma na ƙasa, mai araha, wanda a ganina shi ne ya fi cutar mai saye, kuma shi ne ya cika shagunanmu.

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa aka ƙera wannan keke tun farko. An haife shi ne a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1970, lokacin da wasu matasa suka riƙa ɗauko tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi suna gangarowa da su daga kan tsaunuka a guje. A 1976 suka fara wata gasa da suka kira Repack, kuma sunan ya samo asali ne daga yadda zafin birki kan ƙone giris ɗin cibiyar tayar baya, har sai an sake cusa wani bayan gangarowa. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keken da aka tsara musamman domin wannan aiki, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka ƙera da yawa a Japan aka sayar a kan dala 750. Zuwa 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Abin lura a wannan tarihi shi ne, keken na wasa ne tun asalinsa. An yi shi domin mutumin da zai faɗo daga tudu a kan duwatsu da saiwoyin itatuwa, kuma kusan duk abin da ke ƙara masa tsada an sa shi ne domin wannan yanayi.

Lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, wani abokin karatuna yakan ɗauke ni a ƙarshen mako zuwa tsaunukan Peak District, ya ara mini kekensa na biyu. A can na fahimci inda kuɗin ke tafiya. Idan kana gangarowa a hanya mai santsi da tsakuwa, ruwa na zuba, birki mai faifai da ke aiki da mai zai tsayar da kai da yatsa ɗaya, alhali birkin roba da muka saba da shi sai ya zame a kan jiƙaƙƙen gare. Shakazoba ta gaske, mai iska da mai a cikinta, takan shanye dukan dutse ta dawo a hankali, tayar ta ci gaba da riƙe ƙasa. Gangar jikin keken, ko ta alminiyam ko ta zaren kabon, dole ta zama marar nauyi domin hawa tudu, kuma mai ƙwari domin kada ta karye a gangare. Haɗa rashin nauyi da ƙwari wuri guda aiki ne mai cin kuɗi. Wanda ya biya kuɗin waɗannan abubuwa kuma yana hawa irin wannan hanya, lafiyar ƙasusuwansa ya saya, ba ni da ta cewa a kansa.

Inda nake da ja shi ne a hawa na ƙoli. A yau manyan kamfanoni suna da kekunan da farashinsu ya haura dala dubu goma, kuɗin da ya fi na sababbin babura da yawa masu inji da komai. Masu ƙera su suna da hujjojinsu: ana yin su kaɗan ne, ana shimfiɗa zaren kabon da hannu, kowane samfuri sai an yi shi a girma daban-daban, ga kuɗin bincike da na ɗaukar nauyin 'yan tsere. Hujjojin ba ƙarya ba ne, sai dai suna bayyana dalilin tsadar ne kawai, ba su nuna cewa mai saye ya samu amfani daidai da ita ba. Mu ɗauki kamfanin Shimano na Japan, wanda giyarsa da birkinsa ke jikin kekuna masu ɗimbin yawa a duniya. Kayansa na hawan duwatsu suna da matakai, daga Deore zuwa SLX zuwa XT, har XTR a sama. Deore tana canza giya lafiya lau kuma tana da ƙarko. XTR ta ninka ta kuɗi sau da yawa, babban abin da take ba ka kuwa shi ne ragin nauyi na 'yan ɗaruruwan giram da ɗan ƙarin laushi wajen aiki. Ɗan tseren da daƙiƙa biyu ke raba shi da lambar yabo yana da dalilin biya. Likita ko lauyan da ke hawa ranar Asabar kuwa, sha'awa da suna yake saye. Iya kuɗinka iya shagalinka, amma kada a kira wannan ciniki mai riba.

Shekarun annobar korona sun ƙara nuna mana cewa farashin ba duka kuɗin ƙira ba ne. A 2020 da 2021 jama'a a Turai da Amurka sun yi rububin sayen kekuna, kaya suka yi ƙaranci, farashi ya tashi. Kamfanoni suka yi odar kaya fiye da kima, sai kasuwa ta ja baya, zuwa 2023 rumbunan ajiya sun cika maƙil, aka shiga karya farashi domin a rabu da kaya. A wannan shekara cinikin kayan keke na Shimano ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Haka kuma kamfanoni irin su Canyon na Jamus, da ke sayarwa kai tsaye ga mai saye ta intanet ba tare da dillali ba, sukan ba da keke mai kaya iri ɗaya a farashin da bai kai na shago ba. Duk kayan da za a iya zaftare masa kaso mai tsoka a sayar, to akwai sarari mai faɗi tsakanin kuɗin yinsa da kuɗin da aka rubuta a jikinsa.

Idan muka juyo da lissafin gida, abin sai ya zama almara. A lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024, keken dala dubu goma ya kama naira miliyan 15. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne. Ke nan mai wannan albashi zai yi kusan shekara 18 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallake shi. Saboda haka keken ƙoli ba matsalarmu ba ce, babu ɗalibina da zai saye shi. Matsalarmu tana can ƙasa.

Keken da ke rataye a yawancin shagunanmu, sabo fil da fenti mai ƙyalli, an kwaikwayi siffar keken hawan duwatsu ne aka bar aikinsa. Sifirin ɗin da ke gaba da wanda ke tsakiya ƙarfe ne kawai da aka naɗe, babu man da zai riƙe shi, sai ya riƙa wullo mahayi sama yana cinye ƙarfin da yake sa wa feda. Giyar da aka ce ta kai 21 an yi ta da ƙarfe mai taushi, wanda faɗuwa ɗaya ke lanƙwasa shi. Hannun birkin sau da yawa roba ne mai lanƙwashewa idan an matsa. Ga nauyi, domin kayan adon da aka jibga masa duk ƙarfe ne mai araha. Masu gyaran keke a Ingila suna yi wa irinsa laƙabi da "abu mai siffar keke", a Amurka kuma wasu masu gyara sun taɓa fitar da takardar koke suna neman manyan kantuna su daina sayar da kekunan da ke lalacewa cikin ɗan lokaci kuma ba sa gyaruwa. Kama da wane ba ta wane. Mai saye yana ganin ya samu keken zamani a rabin kuɗi, alhali ya biya kuɗin abubuwa biyar da ba ya buƙata, kuma kowannensu wata ƙofa ce ta lalacewa.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a gindin bishiyar darbejiya kusa da unguwarmu, wanda nakan kai wa nawa. A bayan bencinsa akwai tarin irin waɗannan kekuna da masu su suka kawo suka kasa dawowa. Ya taɓa ce mini, "Malam, wannan ko na ɗaure shi yau, jibi zai dawo. Ƙarfen ba ya riƙe noti." Na san wani ɗalibi da ya sayi irinsa da kuɗin da ya tara a hutun dogon zango, kafin jarrabawar ƙarshen zango ya koma tafiya a ƙasa, domin kuɗin gyara ya fara kusantar kuɗin motar hayar da ya gudu daga gare shi. Irin wannan asara ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ko na gasken ma, idan ya shigo cikin kayan gwanjo, yana da nasa tarkon. Kamfanin RockShox, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shakazobar keke, yana ba da shawarar a buɗe ta a canza mata mai bayan kowace sa'a 50 ta hawa. Wanda ke zuwa aiki a keke kullum zai cika wannan cikin wata biyu ko ƙasa da haka, balle a ƙurar hunturu. Birki mai aiki da mai yana buƙatar mai na musamman da kayan zuƙe iska. Idan babu mai gyaran da ya san aikin a garinku, kuma babu kayan a kasuwa, to ranar da abin ya tsaya, tsadarsa ta tashi a banza. Darajar keke a wurinmu ta haɗa da tambayar ko mai faci na bakin titi zai iya tayar da shi.

Wannan ne sirrin kekunan iyayenmu, Raleigh da Phoenix, masu giya ɗaya da birkin sanda, waɗanda suka yi shekaru suna ɗaukar buhun hatsi da jarkokin ruwa, kuma kowane ƙauye akwai mai gyara su. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke domin karkarar Afirka wannan hanya ta bi. Kekenta mai suna Buffalo na ƙarfe ne, babu shakazoba, kariyarsa ta baya tana ɗaukar kilo 100, kuma ana horar da masu gyara a yankunan da ake raba shi a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. Abin sha'awa, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar, F.K. Day, yana cikin waɗanda suka kafa SRAM, kamfanin da ke ƙera wasu daga cikin giyoyi mafiya tsada a duniya. Mutumin da ya san kayan alatu ciki da bai, da aka zo maganar manomi da ɗan makaranta, sai ya ajiye su gefe.

Ba ina cewa keken hawan duwatsu bai dace da mu sam ba. Hanyoyinmu da yawa sun fi kama da daji fiye da titi, taya mai kauri tana taimakawa a rairayi da ramuka, mutumin Jos ko na Mambila kuwa yana da buƙatar giya ta gaske. A ganina cinikin da ya fi kowanne riba a kasuwarmu shi ne tsohon keken hawan duwatsu na gwanjo irin na shekarun 1990 daga sanannen kamfani, mai gangar jikin ƙarfe ko alminiyam, marar sifirin gaba da baya, mai birkin waya da giyar Shimano. Irinsa nake hawa shekara da shekaru, kuma abin da na canza masa bai wuce taya da sarƙa da robar birki ba.

Ga wanda zai shiga kasuwa, shawarata ita ce ya tafi da mai gyara, ya biya shi ladan rakiya. Ya ɗaga keken ya ji nauyinsa, ya duba wuraren walda ko akwai tsaga, ya juya tayoyi ya ga ko suna tafiya daidai, ya matsa birki da ƙarfi, ya hau ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ga sabon keke mai sifirin biyu a farashin da bai kai na tsohon gwanjo ba, ya wuce. Sannan ya ware wani abu daga kuɗin domin makulli mai kyau da fitila da famfo. Hukumomin da ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su ƙasar nan kuma ya kamata su sa ido a kan birki da waldar waɗannan kekuna, tun da yanzu yara da manya suna hawansu a tsakanin tireloli da Keke Napep.